Fayilolin da ba su kan faifai: mene ne /proc?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ina da ɗan shagon gyaran kwamfuta a Garwa. Na sa Linux, tsarin da ke tafiyar da kwamfuta, a wata tsohuwar na'ura, sai na tarar da folda mai suna /proc cike da lambobi, har da wani fayil, kcore, wai girmansa terabayit 128, alhali faifaina bai wuce gigabayit 500 ba. In goge su?

Amsa: Ƙanena, kwantar da hankalinka. Ko ka gwada ba za su gogu ba, domin babu ko ɗayansu a kan faifanka.

Ka san sarkin tasha: in ka tambaye shi motar Marwa mutum nawa suka rage ta cika, ba littafi zai buɗe ba, leƙawa zai yi ya gaya maka. Haka /proc take. Zuciyar Linux, wato kanel, ita ke ƙirƙiro amsar a daidai lokacin da ka buɗe fayil ɗin. Shi ya sa in ka buga ls -l, umarnin jero fayiloli, za ka ga girman yawancinsu sifili ne, amma cat, umarnin nuna abin da ke cikin fayil, ta zubo maka rubutu cike da allo. Shi kuwa kcore, faɗin adireshin ƙwaƙwalwar kanel yake nunawa, bai ci maka wuri ko na ƙwayar gero ba.

Lambobin nan su ne zancen. Duk manhajar da ke gudana tana da lambarta, PID, da folda mai wannan lambar. Tana tsayawa foldar ta ɓace. Lamba 1 ita ce manhajar da ta fara tashi, galibi systemd, mai tashin sauran manhajoji. Shiga kowacce ka duba: cmdline zai nuna umarnin da ya tashe ta, status ya faɗi mai ita da yawan ƙwaƙwalwar da ta riƙe, a layin VmRSS. Su ps da top ma, umarnin da ke nuna manhajojin da ke gudana, daga nan suke ɗibar labarinsu.

Wadda na fi so ita ce fd, jerin fayilolin da manhaja ta buɗe. In yaron shagonka ya goge fayil bisa kuskure alhali manhajar tana riƙe da shi, kada ka rufe ta! Buga ls -l /proc/lambar/fd (ka sa lambar manhajar a gurbin lambar), ka nemo layin da aka rubuta deleted a ƙarshensa, ka kwafe shi da cp zuwa wani wuri. Amma ka hanzarta, don in aka ɗauke wuta na'urar ta mutu, wannan ƙofar ta rufu.

Dabarar ta girmi Linux. Tom Killian ne ya gabatar da ita a 1984 a bugu na 8 na Unix, tsarin da Linux ta yi koyi da shi, Linux ta ɗauka a 1992, kuma wayar Android da ke aljihunka ma tana da ita.

Inda nake so ka yi hattara shi ne /proc/sys. Can ana iya rubutu, kuma abin da mai cikakken iko a kan na'urar ya rubuta yana canza halin kanel nan take. Ka fara karantawa, ka ajiye abin da ka tarar a cikin fayil ɗin a takarda kafin ka sauya komai.