Kwana biyu a Kef Kos: ta ina za a fara?

Ɗan'uwa, ka ce kana Akra kuma kana son kai iyali Kef Kos ranar Asabar ku dawo Lahadi. Kwana biyu sun isa in kun yi sammako. Ku kama hanya da zarar an idar da sallar Asuba, domin cunkoson motoci a garin Kasoa da ke kan hanya yakan cinye wa mutum safiya, alhali tafiyar kusan awa uku ce.

Ni dai Elmina, wani gari kusa da Kef Kos, zan fara kai su. Turawan Fotugal ne suka gina babbar ganuwar da ke bakin teku a can a 1482, daga baya ta zama wurin tsare bayi kafin a loda su a jiragen ruwa. Ka bi mai yi wa baƙi bayani har cikin ɗakunan ƙasa masu duhu, kada ku yi gaggawa a nan. Wallahi ranar da na tsaya a ƙofar da ake fitar da su, sai da na yi hawaye.

Da yamma ku sha iska a bakin teku, amma kada yara su shiga ruwa, igiyarsa na da ƙarfi. Lahadi da sassafe ku hau gadar igiya ta dajin Kakum kafin rana ta yi zafi, ku ci abinci a kasuwar Kotokuraba, sai gida.