Fitsarin jini bayan bugu a kwiɓi: dole ne a cire ƙodar?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ƙanena ɗan dako ne a kasuwar Mile 12 da ke Legas. Keke Marwa ta buge shi a kwiɓin hagu, ya yi kwana biyu yana fitsarin jini, sannan fitsarin ya washe. Muna ba shi diclofenac daga kemis, ana kuma gasa masa wurin da ruwan zafi. Har yanzu ciwon bai sauka ba, in ya miƙe sai jiri ya ɗebe shi. Wasu sun ce in muka kai shi asibiti cire ƙodar za a yi. Daga mai karatu a Agege.

Amsa: Wa alaikumus salam, Allah Ya ba shi lafiya. Malam, ku kai shi asibiti yau, kada ku bari ya kwana. Jirin nan ya fi damuna a kan fitsarin jinin, domin alama ce ta jini yana zuba a ciki. Daga Agege, asibitin LASUTH da ke Ikeja ya fi kusa da ku. Akwai kuma LUTH a Idi-Araba. In ya kasa tashi, ku kira lambar gaggawa, 112 ko 767. Kada a ba shi abinci a hanya, ko da za a buƙaci tiyata.

Ƙoda tana can baya, ƙarƙashin haƙarƙari na 11 da na 12, kitse da wani tantani mai ƙarfi sun lulluɓe ta. Sai dai wajen kashi ɗaya cikin biyar na jinin da zuciya ke turawa ta ƙodoji yake bi, kimanin lita guda a minti. Shi ya sa in ta tsage jini ke zuba sosai. Wani jinin ya bi hanyar fitsari a gan shi, wani ya taru a kewayenta inda ido ba ya kaiwa, har ya wuce lita. Don haka launin fitsari ba ma'auni ba ne. Ƙaramin rauni kan jawo fitsari ja wur, mai babban rauni kuma ya yi fitsari fari tas, ko don gudan jini ya toshe hanyar, ko don babbar jijiyar ƙodar ta katse. Bugun kwiɓin hagu ma yakan haɗa da saifa, ita ma maƙare take da jini.

Yawancin raunin ƙoda daga bugu ne: haɗarin mota ko acaɓa, faɗowa daga gini, duka, ƙwallo. Sauran daga sukar wuƙa ne ko harbi. Ƙodar da dama ta kumbura ko take da ƙari, ɗan bugu kaɗan ya isa ya fasa ta, haka ma ta yara. Jini kan taru ko ba bugu, ga mai ƙari a ƙoda, ko mai shan maganin tsinka jini irin warfarin, ko bayan aikin fasa tsakuwar ƙoda. A kula, mutanenmu kan ɗora kowane fitsarin jini a kan tsargiya. Ita tsargiya jininta a ƙarshen fitsari yake ɗigowa. Wanda ya biyo bayan bugu, rauni ne har sai an tabbatar da akasin haka.

A asibiti za a fara da awon hawan jini da bugun zuciya. In lambar sama ta sauka ƙasa da 90, zuciya kuma tana bugawa fiye da 100 a minti, jini ya zuba da yawa; za a ɗaura ƙarin ruwa, a duba rukunin jininsa, a tanadi ledar jini. Ku tafi da 'yan'uwa biyu ko uku da za su iya ba da jini, wannan kan rage ɓata lokaci ƙwarai. Sikanin ciki na yau da kullum yana nuna taruwar jini, amma ba ya faɗin zurfin tsagar. Hoton CT ne ke yi, wanda ake haɗawa da allurar ruwa mai haska jijiyoyi, a sake ɗauka bayan kamar minti 10 don a ga ko fitsari na yoyo. Yana da tsada, amma da shi ake sanin matakin raunin, daga 1 zuwa 5. Mataki na 1 ƙujewa ce ko kwanciyar jini a ƙarƙashin fatar ƙoda. Na 2 tsaga ce da ba ta kai santimita 1 ba, na 3 ta wuce haka. Na 4 ya kai inda fitsari ke taruwa, na 5 kuwa ƙodar ta farfashe ko jijiyarta ta cire.

Maganar cire ƙoda kuwa, ku kwantar da hankali. Mafi yawan masu irin wannan rauni ko wuƙa ba a sa musu. Tantanin nan da ya kewaye ƙodar, in jini ya cika shi, shi ke danne tsagar har zubar ta tsaya, kamar yadda ake danne yanka da tsumma. Likitan da ya buɗe wurin ba dalili ya saki wannan dannewar, jini ya ɓalle, ƙarshe a rasa ƙodar. Saboda haka ake kwantar da mutum a gado, a riƙa auna yawan jininsa kowane awa 6 zuwa 8 a farko, a ƙara masa in ya ragu. In gudaji sun toshe mafitsara, a sa roba a wanke. In fitsari na yoyo bai daina ba, a zura siririyar roba daga mafitsara zuwa ƙoda, a cire bayan 'yan makonni. In zubar ta ci gaba, akwai aikin da ake bi ta jijiyar matsematsi da siririn bututu a toshe reshen da ke zuba kaɗai, sai dai ba kowane asibiti ke yinsa ba. Ana buɗe ciki ne in jini ya ƙi tsayawa duk da ƙarin jinin da ake masa, kuma ko a nan ana gwada ɗinki kafin cirewa. In an cire, ɗayar in lafiyayyiya ce ta ishi mutum.

Abin da kuke yi a gida, ku dakatar. Diclofenac da ibuprofen da asfirin suna hana jini daskarewa da wuri, suna kuma rage jinin da ke zuwa ƙoda, ga wanda dama jininsa ya ragu. Farasitamol ya wadatar kafin ku isa. Gashi da tausa na iya motsa gudan jinin da ya toshe tsagar, haka ma kai shi wurin maɗori ko yin ƙaho.

Bayan sallama, kada ya koma dako sai ya yi kamar mako 6, ko likita ya ba shi izini. Na san abin da wuya ga mai neman na yau, amma jini kan sake ɓallewa cikin mako biyu zuwa uku na farko, ɗaukar buhun albasa ɗaya ya isa ya jawo haka. Ya koma asibiti nan take in fitsarin jini ya dawo, ko zazzaɓi ya rufe shi, ko kwiɓin ya kumbura, ko fitsari ya ragu. A kuma riƙa auna masa hawan jini lokaci-lokaci har shekara guda, domin tsohon jinin da ya daskare yana iya matse ƙodar ya tayar da hawan jini.