Tambaya da Amsa: Ƙirƙirarriyar basira na rage wa likita gajiyar rubutu kuwa?

Saƙonnin da suka fi yawa a wannan makon daga ma'aikatan lafiya suka fito, kuma kusan duk a kan abu ɗaya. Na zaɓi guda huɗu daga ciki.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni likita ce a wani asibitin koyarwa. Ganin marasa lafiya ba ya gajiyar da ni kamar rubutun da ke biyo baya: cika folda, takardar sallama, wasiƙar tura majinyaci wani asibiti. Kafin in tashi kaina ya yi nauyi. Ina ganin abokan aikinmu na ƙasashen waje suna yabon manhajojin da ke yi musu rubutu. Da gaske suna rage gajiyar ƙwaƙwalwa, ko talla ce kawai?

Amsa: Wa alaikumus salam, Likita. Suna ragewa, sai dai ba ta inda masu talla suka fi nunawa ba.

A Amurka aka fara wannan harka, domin can ne rubutu ya fi cin likitoci. Wani bincike da aka wallafa a 2016 a mujallar Annals of Internal Medicine ya bi likitoci 57 a wuraren aikinsu, aka ga cewa duk awa ɗaya da suka yi da majinyaci, sai sun ƙara kusan awa biyu a gaban kwamfuta da aikin tebur, ban da wanda suke ɗauka su tafi da shi gida da dare. Bayanan da likitan Amurka ke rubutawa sun kusa ninka na takwarorinsa na wasu ƙasashe sau huɗu a tsawo, galibi saboda sharuɗɗan kamfanonin inshora da tsoron a kai mutum kotu. Wannan ne ya buɗe kasuwa ga manhajoji irin su DAX Copilot, Abridge da Nabla. Kuɗin da ke cikin abin ba kaɗan ba ne: Microsoft ta sayi kamfanin Nuance, mai DAX, a kan dala biliyan 19.7.

Yadda suke aiki ba shi da wuyar fahimta. Likita ya ajiye waya a kan tebur, ta saurari hirarsa da majinyaci, ta mayar da maganar rubutu. Daga nan wata manhajar ta tace, ta zubar da gaisuwa da zancen hanya, ta jera sauran yadda aka saba: koken majinyaci, tarihin ciwon, abin da aka gani da aka duba shi, da matakin da za a ɗauka. Likita ya karanta, ya gyara, ya sa hannu.

Kan batun lokaci, ribar ba ta kai yadda ake zuzutawa ba. Ƙungiyar likitocin Permanente da ke Kaliforniya ta fara amfani da irin wannan manhaja a ƙarshen 2023. A rahotonsu na bayan shekara, likitoci fiye da 7,000 sun yi amfani da ita a ganawa miliyan 2.5, aka ƙiyasta an tsira da awa kusan 15,700. Adadin ya cika baki, amma ki raba shi da yawan ganawar, za ki ga bai kai rabin minti ba a kan kowane majinyaci. A Jami'ar Stanford kuwa, a wani bincike da aka wallafa a 2024, an ba ma'aikatan lafiya 162 manhajar da ke tsara musu amsar saƙonnin majinyata. Lokacin da suke ɓatawa bai ragu ba. Duk da haka, da aka auna yadda suke jin nauyin aikin da gajiyarsa, sai aka ga ya sauka sosai.

To me ya ragu, tunda ba lokaci ba ne? Ƙwaƙwalwar ɗan Adam ba ta iya riƙe abubuwa da yawa a lokaci guda tana jujjuya su. Masana na cewa wajen huɗu ne. Ke kin fi ni sanin abin da ke faruwa a ɗakin duba majinyaci. Kina sauraro, kina lissafin cututtukan da ka iya jawo wannan alama, kina tuna adadin magani, kina kallon fuskar mai magana, a gefe guda kuma wani sashe na kanki na ta maimaita "kar in manta in rubuta ta ce da dare ya fi tsanani". Wannan riƙon na "kar in manta" shi ne na'urar ke sauke miki. Sai kuma wahalar fara rubutu a kan farar takarda bayan kin ga mutum arba'in. Gyara abin da aka riga aka tsara ya fi ƙirƙirar sa daga farko sauƙi ga mai gajiya. Wannan sauƙi na gaskiya ne, kuma ban raina shi ba.

Inda nake jan hankalinki shi ne, na'urar ta sauke wani kaya ta ɗora wani. Da ke ce marubuciya, yanzu kin koma mai tantancewa, kuma tantance rubutun na'ura ya fi na mutum hatsari. Idan ɗalibi ya yi kuskure, yawanci rubutun nasa kan nuna alama: jimla ta karkace, tsari ya watse, sai ki tsaya. Rubutun na'ura kuwa sumul yake fitowa ko da ƙarya ce a ciki. Kamar tsintar tsakuwa ne a shinkafar da ta yi fari tas, ido na ganin kyanta sai hannu ya saki. Majinyaciya ta ce mahaifiyarta ce ke da ciwon suga, bayanin ya fito ita ce ke da shi. An ce ƙafar hagu, aka rubuta dama. An ce ta daina shan wani magani wata biyu da suka wuce, ya fito a jerin waɗanda take sha. Mafi wuyar kamawa shi ne abin da aka tsallake gaba ɗaya, domin babu abin da ido zai faɗa a kai, sai dai in ke kin tuna an faɗa. A Jami'ar Kaliforniya da ke San Diego, wani gwaji da aka wallafa a 2024 ya nuna lokacin da likitoci ke ɗauka suna karanta saƙonni ya ƙaru ne ma bayan an kawo manhajar tsara amsa.

Akwai kuma ƙage tsagwaronsa. A wani nazari da aka wallafa a 2024, masu bincike daga Jami'ar Cornell da wasu jami'o'i sun gwada Whisper, manhajar kamfanin OpenAI mai mayar da magana rubutu, suka ga kusan kashi 1 cikin 100 na abin da ta rubuta yana ɗauke da jimlolin da ba wanda ya furta su. An ma samu inda ta ƙirƙiro sunan maganin da babu shi. Abin ya fi faruwa a inda mai magana ke yin dogon shiru, kuma kin san marar lafiya ya fi kowa yin hakan.

Shawarata: ki karanta bayanin tun majinyacin bai yi nisa ba, kada ki tara su zuwa yamma lokacin da fuskoki suka cakuɗe miki. Ki fara da wuraren da kuskure ke kisa: sunan magani da adadinsa, abin da jikin majinyaci ba ya ɗauka, hagu da dama, da duk jimlar da ke ɗauke da "babu". Sannan sashen da kike faɗin abin da kike zaton ciwon ne da dalilinki, wannan ki rubuta da kanki. Sau da yawa a wajen rubuta wannan sashen ne likita ke gane cewa labarin bai haɗu ba, ya koma ya sake tambaya. Idan aka miƙa wa na'ura shi, an rage gajiya, amma har da tunanin da ya kamata a yi aka rage.

Tambaya: Malam, ni ma'aikacin lafiya ne a wata ƙaramar cibiya a jihar Maraɗi. Majinyata da Hausa suke magana, ni kuma da Faransanci nake rubutu. Irin wannan manhaja za ta yi mini aiki?

Amsa: A yanzu ban ba ka shawarar ka jingina da ita ba, ɗan'uwa. Manhajojin sun ƙware ne a harsunan da aka tara musu dubban awoyi na murya, Hausa kuwa kasonta kaɗan ne. A wajenka kuskure na da ƙofa biyu: wajen jin maganar, da wajen juya ta zuwa Faransanci. Ƙara da yanayin ɗakin: janareta na ƙara, yaro na kuka, ka tambayi matar aure amma uwar mijinta ce ke amsawa. Na'urar ba ta san wane ne majinyacin ba. Gyaran da za ka yi zai fi rubutun hannu cin rai.

Abin da zai fi maka shi ne, bayan majinyaci ya fita, ka faɗa wa wayar taƙaitaccen bayanin da bakinka cikin Faransanci, ta rubuta, ka duba. A Najeriya akwai kamfanin Intron Health, wanda wani likita ya kafa, da ke horar da manhajarsa kan yadda 'yan Afirka ke furta kalmomin asibiti. Irin wannan aiki ne zai kawo mu inda ake so.

Tambaya: Ina horon ƙwarewa, ina rubuta kundina da kuma rahoton wani ciwo da nake son aika wa mujalla. ChatGPT na taimaka mini ƙwarai. Akwai matsala?

Amsa: Wajen gyara Turanci, rage tsawon sakin layi da tsara jerin babi, babu laifi, kuma yana barin maka ƙarfin da za ka sa a ainihin binciken. Matsalar tana wajen madogara. Wani bincike da aka wallafa a mujallar Scientific Reports a 2023 ya gano cewa kashi 55 cikin 100 na madogarar da ChatGPT na lokacin ya bayar ƙage ne, sabon samfurin wancan lokacin, GPT-4, kuma kashi 18. An samu ci gaba tun daga nan, amma ƙa'idar ba ta canza ba: duk takardar da ba ka buɗe ta a PubMed, rumbun takardun binciken likitanci, ko shafin mujallar ka karanta ba, kada ta shiga kundinka. Kwamitin editocin mujallun likitanci na duniya, ICMJE, ya faɗa tun 2023 cewa manhaja ba ta zama marubuciya, dole a bayyana an yi amfani da ita, kuma alhakin kowace jimla na wuyan wanda sunansa ke kan takardar.

Abin da ya fi damuna game da mai koyo irinka daban ne. A ƙasar Poland an duba likitocin da ke leƙa hanji da kyamara bayan sun saba da manhajar da ke nuna musu tsiro. Rahoton da ya fito a 2025 ya nuna cewa idan suka yi aikin ba tare da ita ba, yawan gano tsiron ya sauka daga kashi 28 zuwa 22 cikin 100. Ƙwararru ke nan da suka riga suka iya. Kai da kake gina hannunka yanzu, ka rubuta zubin farko da kanka ko da bai yi kyau ba, sannan ka ba na'ura ta goge.

Tambaya: Ni ba likita ba ce. Na ga wani likita yana kwafe bayanan majinyaci yana zubawa a manhajar hira a wayarsa. Hakan ya halatta?

Amsa: Hajiya, damuwarki a kan hanya take. Duk abin da aka rubuta a irin wannan manhaja yana barin wayar ya tafi rumbun kamfanin a wata ƙasa. A Najeriya, Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta ɓoye sirrin majinyaci, Dokar Kare Bayanai ta 2023 kuma ta sa bayanan lafiya cikin waɗanda ake tsananta kariyarsu. Kina da damar tambayar likitanki ko ana ɗaukar muryarki ko ana shigar da bayananki wata manhaja, kuma kina da damar cewa ba ki yarda ba.

Ga likitocin da ke karanta wannan: a cire suna, lambar kati, lambar waya, unguwa da ranar haihuwa kafin a liƙa komai, a kuma tuna cewa ciwon da ba a cika gani ba a ƙaramin gari yana iya tona mai shi ko ba a faɗi suna ba. Mai amfani da ChatGPT ya shiga Settings, ya zaɓi Data controls, ya kashe maɓallin da ke ba kamfanin damar horar da manhajar da hirarsa. Wannan ba ya hana bayanin isa rumbunsu, saboda haka cire sunan yana nan a matsayin dole.