Tambaya da Amsa: Wane irin kaya zan sa in hau keke da asuba a sanyin Jos?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni mutumin Kano ne, aiki ya kawo ni Jos wata huɗu da suka wuce. Ina zaune a Anguwar Rogo, wurin aikina kuma yana Bukuru. Da kuɗin mota ya fi ƙarfina sai na sayi keke, ina fita da zarar an idar da sallar asuba. Tun da hunturu ya shigo nake shan wahala. Nakan sa singileti da riga da suwaita biyu, in ɗora jaket mai kauri, amma kafin in kai rabin hanya na jiƙe sharkaf da gumi, in na isa kuma in yi ta karkarwa har hantsi. Yatsuna kan sandare har in kasa damƙe birki. Mura kuwa ta ƙi rabuwa da ni. Shin ƙarin kaya zan yi, ko in jingine keken sai sanyi ya wuce?

AMSA: Wa alaikumus salam. Ƙanena, sannu da ƙoƙari. Kada ka jingine keken, kada kuma ka ƙara ko zare ɗaya a jikinka. Rage kaya za ka yi. Na san maganar za ta yi maka banbaraƙwai, amma shekarun da na yi ina taka keke a kan tudun nan sun nuna mini cewa yawancin masu karkarwa irin taka guminsu ne ya kayar da su. Ka ma faɗi cutar da bakinka: ka jiƙe tukuna, karkarwar ta biyo baya.

Sanyin da kake ji gaskiya ne, ba raki ba ne. Jos tana zaune a kan tudu mai tsawon kusan mita 1,200 daga doron teku, Kano kuwa ba ta kai mita 500 ba, kuma duk hawan mita 1,000 iska kan rage zafi da kimanin digiri 6. A watannin Disamba da Janairu akwai safiyar da ma'auni kan sauko zuwa digiri 10 ko ƙasa da haka, kuma lokacin da ya fi tsanani shi ne daf da fitowar rana, wato daidai sa'ar da kake kan hanya. Ga shi mai keke shi ke ƙera wa kansa iska. Idan gari yana digiri 10 kana tafiyar kilomita 20 a awa, fatarka za ta ji kamar digiri 7 ne. A gangara, in gudun ya ninka, abin ya ƙara sauka.

To amma ga abin da mutane ba sa sawa a lissafi. Jikin mai taka feda murhu ne. Cikin ƙarfin da tsokarka ke ƙonawa, kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai ke tafiya wajen tura keken, sauran duk zafi yake zama. Minti goma da barin gida murhun ya kama. Kai kuma ka rufe shi da suwaita biyu da jaket, zafin ya rasa hanyar fita, jiki ya shiga zubo gumi don ya huce. Singiletin auduga ya shanye gumin ya riƙe, domin halin auduga ke nan, tana sha ba ta saki. Ruwa kuwa yana janye ɗumi daga jiki fiye da iska sau 20 da wani abu. Muddin kana hawan tudu ba za ka ji ba. Da ka kama gangara, ko ka tsaya, ko ka isa ka zauna, murhun ya lafa, sai ka zama mutumin da aka naɗe da jiƙaƙƙen tsumma a tsakiyar hunturu. Ka tuna yadda randa ke sanyaya ruwa: danshin da ke tsattsafowa a bayanta ne iska ke busarwa. A busasshiyar iskar hunturu abin da ke faruwa da bayanka da ƙirjinka ke nan.

Saboda haka rigar da ta fi kowace muhimmanci ita ce wadda ke taɓa fata. Ka cire singiletin auduga daga cikin kayan hawa kwata-kwata. Ka je wajen 'yan gwanjo a Katako ko Taminus ka nemi jesi irin ta 'yan ƙwallo, mai dogon hannu in ka samu, wadda ta ɗan kama jiki. Yadinta na roba ne, foliyesta, ba ya shan ruwa, miƙa shi yake yi waje ya bushe. In kana son ka gani da idonka, ka wanke jesi da singileti tare ka shanya a igiya ɗaya, ka dawo bayan ɗan lokaci ka taɓa. In Allah ya haɗa ka da siririyar riga ta ulu na gaske, ta fi jesi ma, don ulu yana riƙe ɗumi ko da ya yi danshi, kuma ba ya saurin wari. Sai dai a gwanjo yawancin abin da ake kira ulu ba shi ba ne, a duba 'yar takardar da ke ɗinke a gefen rigar.

A kan jesin suwaita ɗaya ta isa, mara nauyi. A kan suwaitar kuma jaket marar kauri ko kaɗan, irin shara-shara mai santsi da iska ba ta ratsawa, mai zif daga wuya har ƙasa. Zif ɗin nan shi ne tagar ɗakinka. Za ka hau tudu, ka zuge shi ƙasa tun kafin gumi ya tsattsafo. Ka kai ƙololuwa za ka gangara, ka ja shi har maƙogwaro. A tafiya ɗaya daga Jos zuwa Bukuru kana iya zugewa da rufewa sau biyar ko shida, kuma haka ake so. Jaket ɗinka mai kauri ka ajiye shi don zaman majalisa da daddare, a can ne yake da amfani.

Ga ma'aunin da nake ba yaran da muke fita tare: idan ka fito ƙofar gida ka ji ɗumi daidai, to ka cika kaya, koma ka cire ɗaya. Kamata ya yi ka ɗan ji sanyi na cizonka a minti biyar zuwa goman farko. Daurewar nan ita ce wuyar aikin, don zuciya ba ta son fita cikin duhu da kaya kaɗan. Ka fara da giyar keke mai sauƙi, ƙafa na juyawa da sauri ba tare da nishi ba, za ka ji ɗumi yana tasowa daga cinya zuwa ƙirji. Kuma kada ka yi tsere da tudu. Sannu ba ta hana zuwa, kuma mai hawa a hankali ba ya jiƙewa.

Wata safiyar Janairu na bi ta Lamingo na nufi wajen duwatsun Shere, waɗanda ƙololuwarsu ta haura mita 1,800. Lokacin ban san wannan ba, na sha kaya kamar yadda kake sha. Hawan ya jiƙa ni har ruwa na bin tsakiyar bayana. Da na juyo gangara, kafin in iso gari haƙorana na haɗuwa, hannuna na dama ya ƙi rufuwa a kan birki. Na tsaya wajen wani dattijo mai shayi. Bai ce mini komai ba, ya miƙo kofi ya ce in riƙe da hannu biyu kada in sha tukuna. Ina kallon yatsuna sun yi fari fat, sannan suka fara ja da wani irin zugi kamar ana soka allura. Da zan tafi ya yago gefen kwalin madara ya ce in cusa a ƙirji ƙarƙashin jaket. Na isa gida ƙirjina da ɗumi. Daga baya na gane dabarar tsohuwa ce har a Turai: a gasar Tour de France ta ƙasar Faransa, wadda aka fara a 1903, mahaya sun daɗe suna karɓar jarida a kan dutse su cusa a gaban riga kafin su gangaro. Iska daga gaba take dukan mai keke, don haka gaba ake tarewa, a bar baya ya yi numfashi. Ranar da jaket ɗinka bai bushe ba, tsohuwar jarida ninki biyu za ta fisshe ka.

Maganar yatsu ita ta fi tayar mini da hankali cikin wasiƙarka, don hannun da ya kasa birki a hanyar Bukuru, tsakanin tifofi da motocin haya, batun rai ne. Idan jiki ya ji sanyi yakan tsuke jijiyoyin jinin hannu da ƙafa don ya tattara ɗumi a ciki. Ke nan ƙirjin da ya bushe ya yi ɗumi shi ne rabin maganin yatsu. Ɗaya rabin safar hannu ce. Ta saƙa zalla iska na bi ta ramukanta. Ka nemi mai rufi a baya, ta fata ko ta yadi mai santsi, ko ma irin ta leburori mai roba a tafin hannu, ka sa siririya a ciki. Kada ta matse, matsi yana hana jini gudu. Kafin ka biya kuɗi ka sa ta ka dunƙule hannu kamar kana jan birki, in ka ji tana ja maka yatsu ka ajiye. Sannan wani abu da ake mantawa: kana fitowa daga masallaci da sauran danshin alwala a hannu da fuska, ka goge sosai, ka shafa man kaɗanya ko basilin a bayan hannu da leɓe da kumatu. Fatar da hunturu ya tsaga ta fi jin sanyi, kuma tana jini.

Kai da kunne: siririyar hular sanyi wadda ta sauko ta rufe kunne, hular kwano a bisanta. Ka guji ƙatuwar hula mai tuntu, tana ɗaga hular kwano ta zauna a karkace, ranar faɗuwa ba za ta tsare komai ba. Kada kuma ka toshe kunne har ka daina jin motar da ke bayanka. Wuya ka naɗe shi da ɗan ƙyalle ka cusa bakinsa cikin jaket. Dogon mayafi mai lilo na taɓa ganin ya shiga taya ya fizgo yaro ƙasa, kuma haka jallabiya da dogon kaftani suke yi da kaca. In aikinka na manyan kaya ne, ninke su ka ɗaure a kariyar bayan keke.

Ƙafa ba ta da wahala, ita ke aiki. Dogon wandon motsa jiki wanda ya rufe gwiwa, a cusa ƙafar dama cikin safa saboda kaca. Safa ɗaya mai kauri da takalmi rufaffe mai ɗan sarari sun fi safa biyu a takalmin da ya matse. Silifas kam a'a.

Murar da ka ambata ƙwayar cuta ce ke kawo ta, amma busasshiyar iska mai ƙura tana busar da cikin hanci da maƙogwaro, ta rage musu ƙarfin tare cuta, kuma ƙurar kanta tana sa atishawa da tari da yoyon hanci da mutum zai ɗauka mura ce. Mai keke yana shaƙar iska fiye da mai tafiya a ƙasa. Ka ja ƙyallen wuyanka ya rufe hanci da baki, ko ka sa takunkumin yadi, ka riƙa wanke shi kullum. Tabarau fari, ba baƙi ba, zai tsare ido daga ƙura da hawayen sanyi. Ka sha ruwa ko da ba ka jin ƙishi, hunturu yana tsotse ruwan jiki ba a sani ba, kuma kada ka fita da cikin wofi. Kofin koko ko kunu mai zafi itace ne a murhun nan. In tarin ya wuce mako biyu, ko akwai zazzaɓi, ko ƙirji na ƙara in ka yi numfashi, ka ga likita. Mai asma da mai sikila kuwa shawararsu daban ce: sanyi da bushewar jiki suna tayar musu da ciwo, su tuntuɓi likitansu kafin su ɗauki fitar asuba a wannan lokaci.

A Janairu rana ba ta fitowa a Jos sai wajen bakwai saura kwata, ga hazo, ke nan rabin tafiyarka ko fiye cikin duhu kake yi. Yawancin jaket ɗin gwanjo baƙaƙe ne ko ruwan toka, launin kwalta da hazo. Ka zaɓi mai haske, ruwan ɗorawa ko ruwan lemo, ko ka ɗora 'yar falmaran mai ƙyalli irin ta masu aikin hanya. Farar fitila a gaba, ja a baya.

Ka lura kuma Bukuru tana kudu da Jos, iskar hunturu kuwa daga arewa maso gabas take busowa. In ta taso, da safe tana bayanka, da yamma kuma za ka dawo kana fuskantar ta. Da rana garin yakan yi ɗumi har ka cire suwaita, amma in aiki ya riƙe ka har magariba sanyin yana saukowa da sauri, don haka jaket da safar hannu kada su kwana a wurin aiki.

Karkarwar da kake yi har hantsi kuwa a minti biyar na farko bayan isa ake kashe ta. Ka riƙa tafiya da busasshiyar riga a leda. Kana sauka, kafin ka tsaya gaisawa da kowa, ka shiga ka tuɓe jesin, ka goge jiki, ka sa busasshiyar, ka mayar da suwaita a kai, sannan ka nemi shayi. Jesin ka rataye ta a kan keken, kafin azahar ta bushe, ita za ka sa ka koma gida.