Karfasa na hamma da asuba, amma ta ƙi ƙugiyata

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba. Akwai wani ɗan tafki a cikin daji kusa da garinmu, itatuwan giyayya da gabaruwa sun kewaye shi. Da asuba sai in ga karfasa sun taso saman ruwa suna buɗe baki, in jefa musu ƙugiya da tana, ko kallo ba ta ishe su ba. Tarwaɗa kawai nake samu. Abokaina sun ce in zuba magimfa, tsiron nan mai dafi da ke kashe kifi, in huta. Mene ne abin yi?
Daga wani mai karatu, Kirikasamma, Jigawa.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗana. Karfasar nan ba yunwa take ji ba, numfashi take nema. Tafkin daji ruwansa a kwance yake, ganyen itatuwa na zuba ciki yana ruɓewa a ƙasa, ruɓewar kuwa tana cinye iskar da ke cikin ruwa. Da rana gansakuka da ciyawar ruwa sukan mayar da ita, amma da dare su ma shaƙa suke yi. Don haka gab da fitowar rana iskar ta fi ƙaranci. Wanda aka shaƙe wa wuya ai ba tuwo ne a gabansa ba.

Tarwaɗa daban ce. Allah Ya yi mata wata halitta a cikin kai, a saman jan nan da kifi ke numfashi da shi, wadda ke ba ta damar shaƙar iskar sarari. Shi ya sa take walwala lokacin da karfasa ke galabaita.

Ka bar karfasa sai hantsi ya dubi ludayi, ko bayan la'asar. Nemi gefen da rana ke haskawa, kusa da ciyawa. Ka watsa ɗan dusa da aka cuɗa da ruwa, ka jira. Ƙaramar ƙugiya za ka sa, domin bakin karfasa ƙarami ne, da guntun tana ko gara. Kada inuwarka ta faɗa ruwan. In hunturu ya kama, cinta kan ragu, sai haƙuri. Tarwaɗa kuwa da magariba, hanjin kaza a ƙasan ruwa ya wadatar.

Batun magimfa, ban yarda ba, balle maganin feshin gona da wasu marasa tsoron Allah ke zubawa. Ba ya zaɓe, har 'ya'yan kifi yake kashewa, ga makiyaya na shayar da shanu a nan. Tun da aka gina dam ɗin Tiga a 1974 da na Challawa a 1992, ambaliyar da ke cika tafkunan yankin Haɗeja ta ragu, ba kowace damina take kawo sabon iri ba. Kuma ka tambayi Sarkin Ruwan garinku ko tafkin na cikin gandun Baturiya ne, domin can wuri ne da gwamnati ta keɓe, ba a shiga kamun kifi sai da izini.