Ina ɗalibin likitanci zai samu tallafin binciken lafiyar tsofaffi?

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Ni ɗaliba ce a aji huɗu na karatun likitanci a nan Kaduna, kuma ina sha'awar yin bincike kan cututtukan tsufa. Na ji cewa akwai tallafin kuɗi daga Amurka. Ko zan iya nema?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata. Ina kyautata zaton shirin MSTAR na horar da ɗaliban likitanci kan binciken tsufa kike nufi, wanda cibiyar NIA ta gwamnatin Amurka, da aka kafa a 1974 domin nazarin tsufa, take ɗaukar nauyinsa. Ɗalibi yakan yi mako 8 zuwa 12 yana bincike a hannun gogaggen malami, ana kuma ba shi alawus. Sai dai an keɓe shi ne ga 'yan ƙasar da masu izinin zaman dindindin da ke karatu a makarantun likitanci na can, saboda haka kada ki ɓata lokacinki a kansa.

A nan gida, kuɗin bincike ta hannun malami yake biyowa. Asusun TETFund yana ba malaman jami'o'in gwamnati tallafin bincike, su kuwa malaman suna buƙatar ɗalibai masu himma da za su tattara bayanai daga marasa lafiya. Ki nemi malami a sashen lafiyar al'umma, ko likitan ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Barau Dikko ko asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa, amma kada ki je masa da sha'awa kawai. Ki tafi da tambaya ƙarama a rubuce, wadda za a iya amsawa cikin wata uku: alal misali, magunguna nawa dattijo mai hawan jini da ciwon suga yake sha a rana, kuma wa yake tuna masa lokacinsu? Irin wannan aiki ba ya cin kuɗi sosai, illa na buga takardu da na mota, amma wajibi ne kwamitin ɗa'ar bincike na asibitin ya amince kafin ki yi wa kowa tambaya.

Abin da ke damuna shi ne yadda muke kiran mantuwar tsoho "ruɗewar tsufa" mu kawar da kai, alhali tun a 1992 aka fara nazarin cutar mantuwa tsakanin dattawan Ibadan da na birnin Indiyanafolis na Amurka. A Ibadan ɗin ne kuma aka buɗe cibiyar kula da tsofaffi ta Cif Tony Anenih a 2012. Idan hali ya yi, ki rubuta musu ki nemi yin makonnin hutunki a can, tare da takardar shaida daga malaminki.