Ƙanina, ga amsar tambayarka kan hutunmu na Wales

Assalamu alaikum ƙanina. Saƙonka ya iso, na kuma yi murna da gurbin digiri na biyu da ka samu a nan Birtaniya, Allah ya sanya albarka. Ka ce ka ga hotunanmu da yara a gaban wata ƙatuwar fadar dutse, kana tambaya ina ne, me ake kashewa, kuma ko kai ma da zarar kun sauka da iyali za ka iya kai su.

Wurin arewacin Wales ne, garin Conwy, tafiyar kamar awa biyu daga Manchester. Sarki Edward na ɗaya na Ingila ne ya fara gina fadar a 1283, bayan an kashe Llywelyn, yariman mutanen Wales, a 1282. Ba don ƙawa aka gina ta ba. Sansanin yaƙi ce, ta danne mutanen da aka ci da yaƙi, shi ya sa aka kewaye garin da ganuwa mai tsawon sama da kilomita ɗaya, aka zaunar da Ingilishi a ciki, 'yan ƙasa kuwa a waje. Na so yarana su ji wannan da kunnensu, domin jikan wanda Turawa suka shigo ƙasarsa a 1903 bai kamata ya tsaya gaban irin wannan gini ya tafi da hoto kawai ba. Hasumiyoyin fadar takwas ne, ana hawa ta wata matsattsiyar matakala mai murɗe-murɗe, dutsen ya sha tako har tsakiyarsa ya lotsa. Keken jariri ba ya shiga, sai dai goyo. Ƙaramar tawa ta riƙe igiyar da ke jikin bango da hannu biyu, ba ta ce uffan ba sai da muka fito sama, iska ta buge ta, ta hango kwale-kwale jere a bakin kogi.

Gaba kaɗan akwai Caernarfon, inda aka yi bikin naɗa Charles yariman Wales a 1969. Ita da Conwy da Harlech da Beaumaris duk hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa su cikin wuraren tarihi na duniya a 1986. Amma ni ƙauyukan sun fi kwanta mini, irin su Beddgelert da Betws-y-Coed: gidajen dutse, rafi yana ratsa tsakiyar gari, tumaki ko'ina a kan tsaunuka, kowacce da shafen fenti a gadon baya, alamar mai ita. Tumakin Wales sun fi mutanenta yawa nesa ba kusa ba. Idan ka bi hanyar ƙafa ta cikin gonar wani, doka ta yarje maka, amma ƙofar da ka tarar a rufe ka mayar da ita a rufe.

Kuɗin shiga fada ba shi ne abin ji ba, akwai tikitin iyali. Masauki ne ke cinye aljihu, musamman daga ƙarshen Yuli zuwa farkon Satumba, lokacin da makarantu ke dogon hutu kowa ya fito. Kuma ba ka isa ka ɗauke yaro ana cikin zango don ka samu rangwame ba, a Ingila tara ake ci, fam 80 kan kowane yaro, uwa daban uba daban. Mu gida muke kamawa mai kicin, mu taho da namanmu na halal, don a ƙauyukan nan da wuya ka samu. Kifi da soyayyen dankali kuwa sai ka tambaya, wasu da giya suke kwaɓa fulawar. Masallaci akwai a Bangor, a ƙauyukan kuwa sai kasaru. A Yuli rana ba ta faɗuwa sai wajen tara da rabi na dare. Rigar ruwa dole ce ko a Agusta.

To, batun iyalinka, nan nake so ka nutsu. Tun Janairun 2024 ɗalibin digiri na biyu na shiga aji ba ya iya taho da mata da yara a kan bizarsa. An bar ƙofar ne ga masu digirin bincike, irin digirin digirgir, da waɗanda gwamnati ta ɗauki nauyinsu. Duk dillalin da ya ce maka yana da hanya, ka riƙe kuɗinka. Kai kanka awa 20 a mako aka yarda ka yi aiki ana cikin karatu, abin da za ka samu kuma haya da abinci da kuɗin mota za su lashe shi. Mu ma da ka gani a hoton nan, sai da aiki ya zauna, muka yi ta tari wata da watanni.

Abin da nake ganin zai yiwu shi ne bizar ziyara, wadda ke ba mutum damar zama har wata shida. Ka fara ajiya tun watan farko, ko kaɗan ne, da niyyar su zo bikin kammala karatunka. Za a nemi shaidar kuɗi da shaidar cewa za su koma gida, don haka takardun aikin mai ɗakinka da na makarantar yara su zama a kammale. Idan Allah ya kai mu, a wurina za ku sauka, ni zan tuƙa ku, don hanyoyin ƙauyen nan ƙanana ne, wata hanyar mota ɗaya ce ke wucewa sai ɗaya ta rakuɓe. Kafin nan ka turo mini takardar gurbin in duba ko karatun naka na aji ne ko na bincike. Ka gaida su Hajiya da yara.